Dutsen niƙan Inna

Ranar da na je ɗauko Inna daga Tamawa bayan rasuwar Baba, motar cike take maƙil da buhunan dawa. Ta ce a sa mata dutsen niƙanta. Ni kuwa ga saurin hawa, na ce, "Haba Inna! Ga injin markaɗe nan a bakin layinmu, me za ki yi da wannan jibgegen abu?" Muka bar shi muka taho. Sai da muka isa Dutsin-Ma na ga ashe ta ƙullo ƙaramin dutsen a cikin zanenta.

Babban na ƙasa uwa take ce masa, ƙaramin da ake murzawa da shi kuma ɗa. Tun muna yara ta faɗa mana dalili: a jikin uwar yake gogewa shekara da shekaru har ya ɗauki kwarminta, shi ya sa ba a ba da aron ɗaya a bar ɗaya. Na san wannan sarai, wallahi na sani.

A gidana ba abin da Inna ta rasa sai aikin yi. Mai ɗakina ta kai mata tuwo, Inna ta ɗanɗana ta ce ƙarfen inji take ji a miyar. Matar da unguwa guda ke aiko mata daddawa ta niƙa, ta koma zaman tabarma tana ramewa a idona.

Na sayo sabon dutse ranar kasuwa, ina ta washe baki. Ta zuba barkono, ta ɗora ɗan nata, ta tura, ya yi gwalan-gwalan, barkonon ya zube gefe. Ta ce, "Bai san ta ba, Alhaji." Ɗan da aka haɗo da sabon kuma ya fi ƙarfin hannunta.

Da asuba na kama hanyar Tamawa. Ɗan kawuna da ke zaune a gidan ya nuna mini bakin ƙofa: ya binne dutsen a dokin ƙofar saboda ruwan damina, ya shafe da siminti. Na ɗaga murya zan yi faɗa, ya ce, "Ai kai ka ce ba a so."

Har yau ban iya faɗa mata ba, kunya ta hana ni. Duk ranar kasuwa in zan fita da mota, sai ta wanke ɗan dutsen ta shanya, ta ce, "Alhaji, yau ma ba wuri a motar?"