Jirgin da Ke Kai Ni Wajen Yaya Lawal

Shekara shida ke nan da muka binne Yaya Lawal a Dubai, kuma bana ce ta farko da ranar ta zagayo ta same ni hankalina a tashe. Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya fara zuwa ƙasar nan, shi ya jawo ni. Yau yana kwance a maƙabartar da ke wajen Al Qusais, ni kuwa kamfanin da nake wa aiki a Jebel Ali ya ce ba zai sabunta kwantiragina ba. Idan aiki ya ƙare biza ta ƙare, kowa ya san wannan.

Lokacin da Yaya ya zo, metro, wato jirgin ƙasan cikin gari, ba ta fara gudu ba, ginshiƙanta ake ta kafawa a gefen babban titi. Ya karanci lantarki, sai aka ɗauke shi cikin masu kula da ƙofofin jirgi da na tasha. Ranar da na sauka bai kai ni masauki ba, jirgin ya fara nuna mini. Ya tsayar da ni a taragon gaba, muka leƙa ta gilashi, ya ce, "Duba da kyau, ka ga direba?" Wallahi na duba, babu kowa. Na fara salati a bayyane, shi kuwa dariya har da riƙe ciki. Daga baya ya yi mini bayani cewa daga wani ɗaki can nesa ake lura da jiragen duka, kowanne da tazararsa, ƙofa kuma da lokacinta.

Ƙofar nan ita ce rigimarsa da mutanenmu. Bahaushe ba ya rabuwa da baƙo haka kawai. Sai an yi rakiya, an tsaya a bakin mota, a gaida gida, a gaida yara, a sake komawa kan maganar da aka riga aka gama. A tashar mota a gida sai ka ɗaga wa direba hannu ya dakata. A nan wa za ka ɗaga wa? Na ga wani ɗan kasuwa a tashar Al Rigga, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje yana aika gaisuwa Kano, ƙofa ta yi ƙara ya ja da baya, jirgi ya tafi da matarsa da jakunkunansa. Abin yana ƙona wa Yaya rai. "Yalla, maza ku gama sallamarku tun a matakala," haka yake cewa, "ƙofar nan ba ta san Alhaji ba." Amma shi kansa bai iya barin rakiyar ba. Sai ya shiga jirgin da baƙo ya kai shi har tashar Union, inda Jan Layi da Koren Layi suke haɗuwa, ya ga ya hau daidai, sannan ya juyo.

Zuciyarsa ce ta buga, bai yi jinya ba. Muka yi shawara da gida, aka ce a binne shi inda Allah ya karɓe shi. Tun daga nan, duk bayan Juma'a biyu ko uku, nakan hau Koren Layi in sauka a Al Qusais, in ƙarasa da mota, in yi masa sallama da addu'a. Da na fito sai in kira Inna, mahaifiyarmu. Yaya ɗan farinta ne, ba ta taɓa kama sunansa ba, ko yana raye. Abin da take tambaya kawai shi ne, "Ka je wajen mutumin naka?" In ce na je. Ta ce madalla. Da wannan take rayuwa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga layin yanzu. An ƙara tashoshi, an sake wa wasu suna, ana kuma aikin wani sabon layi. Na san zai ji daɗi, don yana alfahari da jirgin nan kamar gonar ubansa. Sai dai cikin waɗanda suka yi aiki da shi, wasu sun koma gida, wasu sun wuce wata ƙasa. Hausawan da ke cika tarago da safe yanzu ba su san shi ba. Na yi wa biyu uku maganar kabarin, kowa ya ce inshallah, kuma ban ga laifinsu ba, kowa da abin da ya kawo shi. Ƙofofin da ya kula da su suna nan suna buɗewa a kan lokaci, babu sunansa a jikin ko ɗaya. Na san addu'a tana isa daga ko'ina, malamai sun faɗa mana. Amma zuciyata ta ƙi yarda in tafi in bar shi ba mai taka ƙafa ya je.

Makon jiya na daure na faɗa wa Inna halin da ake ciki. Na ce ina neman wani aikin, ko ƙarami ne, ko gadi ne, don dai in zauna kusa da shi. Sai ta ce, "Ka je ka yi masa sallama ka taho gida. Ɗa ɗaya na ba ƙasar can, ya isa."