Shekarun da Na Ƙara wa Baba Ilu

Ban taɓa mantawa da ranar da na ƙara wa mutum shekara goma sha biyu da yatsa biyu ba. Manaja ya ce in rubuta muku wani abu, ku sababbin ɗauka, kafin a bar ku ku taɓa kwamfuta. To ga shi. Wanda zai yi dariya ya yi tun yanzu, gaba babu wurinta.

Ina da shekara goma sha bakwai kamfaninmu na sayen riɗi da gyaɗa ya ɗauke ni ƙaramin akawu a ofishin Birnin Kudu. Ban cika wata biyu ba aka kawo kwamfuta daga hedkwata a Kano, mai ƙeya kamar tulu, ƙato huɗu suka shigo da ita suna nishi. Tare da ita aka turo Malama Rabi ta koya mana manhajar tafiyar da kamfani.

Ga wanda bai sani ba, manhajar kamar gida ce mai ɗaki uku: ɗakin saye, ɗakin sito, da ɗakin ma'aikata, kowanne da ƙofa zuwa ɗan'uwansa. Kowace Alhamis a kwafe abin da muka shigar a faifai, direba ya kai Kano a haɗa da na sauran rassa. Malama Rabi ta faɗa mana, in ban ƙara ba sau dubu: "Rijiya ɗaya ce. Abin da ka jefa a Birnin Kudu, a Kano za a sha."

Mako biyu muka yi a kan manhajar gwaji, wadda ba ta zuwa ko'ina. A nan na yi sarautata. Na ɗauki jakin maƙwabcinmu aiki a matsayin babban akawu, na ba shi hutun haihuwa. Na tura buhu miliyan zuwa Farin Dutse a kan keke. Har Malama sai da ta juya baya ta yi dariya. Daga nan aka buɗe ta gaske, aka ce a fara da ɗakin ma'aikata: suna, muƙami, reshe, ranar haihuwa. Mai takardar haihuwa ya kawo, wanda ba shi da ita ya faɗa, akawu ya shigar, a buga a takarda ya sa hannu.

Ranar Talata mutanen reshen Gwaram suka zo, cikinsu har da Baba Ilu mai sito, mutumin Fagam. Tun shekarun da kuɗin fetur ya fara shigowa aka gina siton Gwaram, shi aka damƙa wa makullinsa. Yakan shinshina buhu ya ce maka ya sha raɓa, a farke a tarar haka ne. Fayil ɗinsa kuwa gara ta daɗe da yin walima da shi.

Direbanmu Malam Tanko taubashinsa ne, kuma rigimarsu ɗaya tun suna yara: wane ne babba. Tanko ya riga shi zama, ya miƙo lasin tuƙi, na shigar, shekara hamsin da huɗu. Baba Ilu ya zauna ya gyara hula.

"Ɗan akawu, nawa ka ba yaron nan?"

"Hamsin da huɗu, Baba."

"To ɗora ni a kansa. Ni na goye shi, ya yi min fitsari a baya."

Tanko ya ce daga bakin ƙofa, "Ƙarya kake, tsohon ɓeran sito! Rana ɗaya aka yi mana kaciya, kai ne ka fi kowa ihu."

"Na yi ihu ne don in rufa maka asiri, kada a ji naka."

Ofis ya kaure da dariya, ni kuwa in na ga mutane suna dariya sai kaina ya kwance. Na ce, "Baba, uku sun isa?" Ya ce uku ai ko akuya ta fi haka. Na ce shida. Ya ce in ƙara. Na ce, "Goma sha biyu, har ladan goyo!" Na danna, na buga takarda, ya sa hannu da ajami, ya ɗaga ta yana nuna wa Tanko: "Inji ma ya shaida. Ɗauko min buta."

Ba zan yi muku ƙarya ba, na san ta gaske ce. Na ɗauka dai gurbin ranar haihuwa ado ne, ba ya motsa komai. Malama Rabi tana ɗakin Manaja a lokacin, ni kuma ban tambaya ba. Ranar Alhamis Tanko ya ɗauki faifai ya kai Kano da hannunsa.

Bayan mako shida, ana tsakiyar kakar riɗi, Tanko ya dawo daga Kano da ambulan. Dokar kamfani ita ce ritaya a shekara sittin. Manhajar ta duba ta ga mutum mai sittin da shida yana riƙe da sito, ta jera sunansa cikin masu tafiya, wani a Kano da bai taɓa ganinsa ba ya sa hannu. Har an turo sunan wanda zai gaje shi.

Na shiga wurin Manaja na faɗi abin da na yi. Ya dube ni ya ce, "Nasiru, ka ga inda bakinka ya kai mu?" Ya ba ni takardar gargaɗi, ya rubuta wa Kano. Amsa ta zo a gajarce: ma'aikaci ya sa hannu da kansa, ba a gyara ranar haihuwa sai da takardar rantsuwa daga kotu, cikin mako biyu.

Na ji sanyi, na ce ai abu ya zo da sauƙi. Ni da Tanko muka kama hanyar Gwaram da hantsi. Muka tarar da Baba Ilu yana sa leburori su jera buhuna nesa da bango. Na karanta masa takardun biyu, na ce gobe sai mu je kotu, ya rantse, magana ta ƙare.

Ya ce, "In rantse da me?"

"Da ranar haihuwarka, Baba."

"Ranar ina wurin, amma ban riƙe ba. Inna ta ce da damina ne, gero ya fara fitar da kai. Wace shekara? Ita ma ba ta sani ba."

Tanko ya ce, "Ilu, ka faɗi tawa mana. Kowa a Fagam ya san sa'anni ne mu."

"Kai taka daga ina ka samo ta? Ba mai yin lasi ne ya dubi gemunka ya yanka maka ba?"



Baba Ilu ya ce, "Wasa na yi, na sa hannu a kan wasa, wannan tsakanina da ku ne. Amma in dafa Alƙur'ani a kan abin da ban sani ba, saboda makulli? A'a."

Na durƙusa na roƙe shi. Na ce kowa haka yake yi, har alƙalin ma ya sani. Na yi kuka, ni da ko bulalar makaranta ba ta taɓa sa ni hawaye ba sai na ƙarya. Tanko ya tuna masa 'ya'yansa biyu da ke sakandare, da gonarsa da ba ta kai su ko watan azumi. Baba Ilu ya ce ya sani. Ya dafa kaina ya ce, "Tashi, ɗan akawu, kana tare wa leburori hanya."

Mako biyu suka cika. Ranar miƙa aiki an tura ni in shaida, domin sai akawu ya rufe sunan tsohon mai sito kafin na sabo ya buɗe. Baba Ilu ya zaga da saurayin da aka turo lungu-lungu, ya nuna masa inda rufi ke ɗiga da ramin da ɓeraye ke bi. Ya kwance makullai daga igiyar wuyansa ya miƙa. Igiyar ta yi masa zane a fata. Ya tsaya yana shafa wurin, kamar bai san inda zai kai hannunsa ba.

Da na koma ofis na danna rufewa. Manhajar ba ta goge mutum, sai dai ta dusashe sunansa. Yana nan har yau, in kun buɗe reshen Gwaram za ku gani a ƙasa.

Abin da na koya shi ne babu gurbin banza a cikin injin nan. Kowane gurbi yana ɗaure da wani abu, can ƙarshen igiyar kuma mutum ne da iyalinsa. Injin bai san taubashi ba, bai san wasa ba. Mutanenmu kuwa za su yi maka wasa da komai, amma akwai inda suke tsayawa, ko da abincinsu ne zai tafi.

Har yanzu ina ba mutane dariya, hali zanen dutse ne. Amma in dattijo ya zauna gabana na tambaye shi shekarunsa, sai in janye hannuna daga kan injin tukuna.