Kambun ɗaurin jini

Malaman tarihi sun ce yaƙe-yaƙe ne ke juya duniya. Ni dai a ɗan karatuna, ɗigo ne ke juya ta: wannan da ke faɗowa cikin tiyon ƙarin jini, ɗis, ɗis, in ya ga dama.

Shekarun baya, ina sabon ma'aikacin jinya a asibitin Dogon Dutsi, farar rigata ko wanki uku ba ta sha ba, aka kawo wata mai jego daga wani ƙauye gefen Lugu da tsakar rana. Ta haihu lafiya, sai jini ya ɓalle. Ta yi fari fat, bugun hannunta kamar zaren gizo. Mahaifiyarta ce ke tallafe da kanta.

Shugabarmu wata dattijuwar ungozoma ce da muke kira Madam. Ita kuma Mushe take ce mini, sunan da ake kiran malamin lakkwal, wato makarantar boko, don ba na buɗe baki sai da "littafi ya ce". Ba mu da injin ɗumama jini a lokacin. Ledar jinin da aka ciro daga firiji cikin rigarta ta cusa har sanyin ya sake ta, ni kuma na fara yi wa matar ƙarin ruwa. Da ta miƙo mini ledar ta ce, "A guje nike son shi, Mushe, ba tahiyar amarya ba." Ta koma wajen tsayar da zubar.

Jini ya ƙi gudu. Ɗigo ɗaya, sai ka yi salati ka ƙare kafin na biyu.

Na bi darasina daki-daki. Na ɗaga leda sama. Na buɗe makullin tiyo har ƙarshe, na miƙe inda ya lanƙwashe. Na wanke allura da ruwan gishiri. Na matse leda da hannu biyu har yatsuna suka sage. Shiru. Matar kuwa ta daina amsa kiran uwarta.

"Madam, na duba komai."

Ko waiwayowa ba ta yi ba. "Ka duba leda, ka duba tiyo. Mai hannun fa?"

Na yaye hannun rigar matar. Can sama da gwiwar hannu ga kambu na fata, an tamke shi har ya nutse cikin tsoka. Na kai hannu ga almakashi, lacca cike da bakina.

Tsohuwa ta cafke ni. "Kul, ɗana! Na ɗaurin jini ne. Tun bisa hanya na ɗaura mata."

Madam ta ce, "Inna, wanga kambu naki ya san aiki, ya ɗaure. Amma bai san mai hita da mai shiga ba, har baƙon da muka gayyato ya tare. Maishe shi ƙugu, can ƙohwar da muke so a ruhe take."

Tsohuwa ta kwance shi da kanta. Ɗigo ya koma zare. Kafin la'asar matar ta buɗe ido ta nemi kunu.

Yanzu inda nake aiki akwai inji mai ɗumama jini, mai ihu in gudu ya ragu. Yana faɗin akwai matsala, amma bai taɓa ce mini in dubi mai hannun ba. Wani lokaci in ya yi ƙara, sai in ji ina jiran muryar nan daga bayana. Babu mai ce mini Mushe yanzu. Ban san zan yi kewar zolaya ba sai da na rasa mai yi mini.

Bara na yi takanas har Tibiri inda Madam ke zaune tun da ta yi ritaya. Na durƙusa na ba ta labarin nan tiryan-tiryan, na ce ranar ce na fara zama ma'aikacin jinya.

Ta ce ba ta tuna ba. Ta tambaya ko na zo da goro.