Gaisuwar Dangi a Littafin Baƙi

Warin jiƙaƙƙen dutse ne ya fara tarbar mu, haɗe da hayaƙin wata busasshiyar ƙasa da mutanen Ireland suke ƙonawa don jin ɗumi. Can sama hankaki suna ta gardama a kan hasumiya. Na tsaya a bakin ƙofa ina shaƙa a hankali, Gwaggo kuwa ta toshe hanci da gefen mayafinta, ta ce gidan nan rana yake buƙata.

A lokacin ina shekara ta biyu a uni, wato jami'a, a Manchester, ina zaune a Fallowfield. Shekarun tsuke bakin aljihu ne, komai sai an rage shi. Laburaren unguwarmu ma an yanke masa kwanaki, sai ki je ki tarar da takarda a manne a ƙofa. Gwaggo, yayar mahaifina, likita ce a Birmingham, gidanta yana Perry Barr, ita ce uwata a ƙasar. Na daɗe ina damun ta da son ganin tsohon gidan sarauta na dutse, irin wanda suke kira castle. Da na gama jarrabawa, bizata kuma ta fito, sai ta ce in hau coach, wato motar safa, in zo, ta samu hutun kwana biyu. Jirgi ya sauke mu a Ireland, mota ta kai mu wani ɗan gari mai titi ɗaya da kogi a bayansa.

Gwaggo mace ce da ba ta yin ƙarya ko da wasa. In kika tambaye ta ko miyarki ta yi daɗi, to ki shirya.

Mai kula da wurin wata tsohuwa ce mai koren rigar sanyi da damin makullai a ƙugu. Za mu shiga ke nan aka kira Gwaggo daga asibiti, ta koma waje amsa waya. Tsohuwar ta zuba mini shayi, tana goge kofi tana ba ni labari kamar ba komai ba. Ta ce ƙarshen wata council, wato ƙaramar hukumar yankin, za su turo a duba littafin baƙi. In baƙin ba su da yawa, za a kulle gidan har bazara, kuma ita ta san abin da aka kulle a waɗannan shekarun ba kasafai ake sake buɗe shi ba. Tun tana amarya take buɗe ƙofar nan kowace safiya. Na leƙa littafin. Tun Litinin mutum uku ne suka rubuta suna, ranar kuwa Alhamis ce.

Ni ba mai ƙiriniya ba ce. A gida ma ana cewa ina tafe kamar mai mafarki. Amma da Gwaggo ta dawo ta ɗauki biro za ta rubuta sunanta, sai na ji bakina yana gaya mata da Hausa cewa wannan littafin gaisuwa ne, a al'adar nan baƙo yakan rubuta sunansa da na duk waɗanda suka aiko shi da gaisuwa, kamar yadda ake yi a wurinmu.

Ta dube ni ta saman tabarau.

"Shekarata ashirin a ƙasar Turawa, ban taɓa jin wannan ba."

"Ai Ingila kika sani, Gwaggo. Nan Ireland ce."

"To, wa ya aiko mu?"

"Da sun san za mu zo, ai da duk sun aiko."

"Da sun sani ba gaisuwa ba ce, 'yar nan. Miƙo mini wayata."

Cikin gidan babu sabis, bangon ya fi ƙarfin waya. Tsohuwar ta ce sai a ƙofar waje ko a saman hasumiya, a waje kuma an fara yayyafi. Gwaggo ta ce tunda mun biya kuɗin kallo, sama za mu hau. Matakalar tana murɗewa kamar igiya, kowane dutse ya lotsa a tsakiya saboda ƙafafun mutanen da suka shuɗe. Ina gaba ina shafa bango ina tunanin wace mace ce ta taɓa hawa nan riƙe da fitila, Gwaggo tana baya tana haki tana ƙirga abubuwan da ke jawo karayar ƙugu.

A sama akwai ɗan lungu mai rufi. Daga nan na ga kore iya ganina, tumaki warwatse kamar an zubar da auduga, kogin yana ɗauke da hoton gajimare. Wasu baitoci sun fara zuwar mini, ban samu na kama su ba, don Gwaggo ta riga ta samu Kano.

Babana ta fara kira. Ta ce mun zo wani babban gida ziyara, ko yana gaida mutanen gidan? Ya ce a gaishe su da kyau. Ta ce in riƙe, ɗaya. Mahaifiyata ta karɓi wayar ta gaida su, ta kuma miƙa wa maƙwabciyar da ta shigo aron rariya, ita ma ta gaida su. Kaka ta tambaya ko da me muka je musu, don abin kunya ne a shiga gidan mutane hannu rabbana. Gwaggo ta tuna da ledar cincin da ke jakarta, ta ce an tafi da tsaraba.

Kawu ne ya tsaya bincike. Iska tana kwashe rabin maganar, Gwaggo tana ɗaga murya.

"Gidan wa ke nan? Rasuwa aka yi?"

"An yi, amma an kwana biyu."

"Yaushe?"

Ta dube ni, na duba takardar bayanin da ke hannuna, na nuna mata.

"Shekaru ɗaruruwa ne, Yaya."

Can sai ya ce to Allah Ya ba su haƙuri, kuma a sa sunansa.

Wanda bai ɗauki waya ba, ba shi a lissafi, ko da ɗan cikinta ne. Mun yi jayayya a kan jaririn yayata. Uwar ta ce yana gaisuwa, Gwaggo ta ce ɗan wata huɗu bai san gaisuwa ba. Ana cikin haka yaron ya tsala kuka a cikin wayar. Na ce ga shi nan da bakinsa. Ta harare ni, ta ce in riƙe, ashirin da uku.

Muka sauko hannuwanmu sun ƙandare. Gwaggo ta miƙa wa tsohuwar cincin da hannu biyu, ta ja kujera ta zauna gaban littafin, ta shiga rubutu, kowane suna da saƙonsa. Tsohuwar ta matso ta tambaye ni a hankali ko su wane ne waɗannan. Na ce danginmu ne. Ta ce suna hanya ne? Gwaggo ta amsa da Turancinta na asibiti, ba ta ɗago kai ba, ta ce ba su samu zuwa ba, amma kowannensu ya aiko da gaisuwa, ita shaida ce.

Tsohuwar ta dube ni. Ni kuma na shiga nazarin rufin ɗakin, na ga ashe akwai sassaƙa mai kyau a jikinsa. Da na sauke ido, ta riga ta juya wa Gwaggo sabon shafi, ta kuma ajiye mata wani biron a gefe ko wancan zai ƙare.

A jirgi Gwaggo barci ta yi. Sai a tashar coach a Birmingham, ina shirin hawa motar Manchester, ta gyara mini mayafi ta ce, "Nan gaba in za ki ƙirƙiro wa mutane al'ada, ki faɗa mini tun daga gida in sayi katin waya."

Na yi watanni ina son sanin abin da ya faru da gidan, kunya ta hana ni tayar da maganar. Karatu ya zo ya rufe, na gama, na fara aiki.

Sai bayan shekara shida, ranar da Gwaggo take tashi daga Perry Barr zuwa wani ƙaramin flat a Ladywood, ina taya ta haɗa kaya, na tsinci wani kati a cikin tsofaffin takardunta. Daga tsohuwar nan mai makullai yake, ta bi adireshin da Gwaggo ta bari a littafin. Ba a kulle gidan ba, kwanaki aka rage, aka bar mata Juma'a zuwa Lahadi. Ma'aikacin da council suka turo ya kasa karanta rubutun likita, sai ya ƙirga layi-layi, sunan kowa baƙo ɗaya, gaisuwarsa kuma baƙo na biyu.