Ruwan Baƙi a Gidan Badamasi Mai Feshi

Badamasi taubashina ne, uwarsa ƙanwar mahaifina ce, saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa ina da hurumin faɗa, kuma na sha faɗa masa a gaban idonsa. Mutum ne da ba a halicce shi da zama ba. Tun muna yara a Daudawa, in aka aike mu ɗebo ruwa, kafin in cika tuluna ya je ya dawo, ya kuma leƙa gonar wani. In ka gan shi a majalisa to a tsaye yake, yana tambayar ƙarfe nawa, alhali babu inda ake jiransa.

Da ya girma sai sana'ar da ta dace da shi ta same shi, wato feshi. Ya goya injin a baya, hannu ɗaya na bugawa, ɗaya na riƙe da sandar, ya bi kunya-kunya daga auduga zuwa wake, daga wake zuwa masara. Daga Daudawa zuwa Tafoki har gefen Sabuwa babu manomin da bai san tafiyarsa ba. Ba safar hannu, ba takunkumi. In bakin injin ya toshe sai ya cire ya hura da bakinsa ya tofar. In ya tashi aiki ya sayi nono ya shanye, wai nono yana wanke dafin da ya shaƙa. Na sha ce masa in da haka ne da likitoci sun koma kiwon shanu. Shi kuma ya ce baƙin ciki nake yi, don ni ban iya komai ba sai babur.

Masu gona sukan bar masa galan ɗin da magani ya ƙare a ciki, a matsayin ihsani. Galan ne masu ƙwari, murfinsu na rufewa ruf, ba sa yoyo. Matarsa Barakatu ta wanke su da omo da toka, ta shanya a rana har ta ce warin ya fita. A ciki ake ajiye ruwan sha, a ciki ake zuba man gyaɗa, a ciki ake kai kunu gona. Matan maƙwabta suna aikowa a taimaka musu da ɗaya, shi kuwa hannunsa a buɗe yake. Rabin unguwarmu da galan ɗin Badamasi take shan ruwa.

Allah ya ba su tagwaye, Hassana da Hussaina. Tun da aka yaye su suka fara wani ciwo da ba a san kansa ba: amai, gumi, yawu na dalala, ga kasala. Ya lafa ya dawo, ya fi tsanani da damina. An yi maganin zazzaɓin sauro har an gaji, an yi rubutu, an yi hayaƙi. A wata damina, kafin su isa shiga makaranta, Hassana ta rasu. Hussaina ta saura, siririya, tana bin bango. Daga nan rashin zaman Badamasi ya canza kama. Da yawo ne na jin daɗi, yanzu ya koma na neman wanda zai gaya masa me ke cin 'yarsa. Duk wanda aka ce ya san wani abu sai ya je, kuma ni ne direba. Na tausaya masa ƙwarai, ko da yake bakina bai iya nuna masa ba.

Ana cikin haka sai aka ce wasu masu bincike daga jami'a za su zagaya ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, suna duba ruwan da mutane ke sha da yadda maganin gona ke shiga gidaje. Babbansu wani mutum ne mai sanyin magana, Malam Kamilu, tare da shi akwai wata nas mai suna Alheri, ita ke shiga cikin gida wajen mata. Saboda halin rashin tsaro da hanyoyinmu ke ciki ba sa kwana a ƙauye, kuma ba sa zuwa wuri sau biyu sai da dalili. Su shigo da hantsi, su fita kafin la'asar. Suna neman wanda ya san lungu da saƙo ya yi musu jagora, Badamasi bai ma jira a gama tambayar ba. Ya roƙi abu ɗaya: a sa gidansa a ciki.

To, ga inda taubashin nawa ya yi abin da kowane ɗan garinmu zai yi. Ana gobe za su zo ya bi unguwa gida-gida yana sallama.

"Baƙi na tahe gobe, manyan mutane ne. Don Allah a gyara, kar a ba mu kunya."

Aka share tsakar gida, aka yayyafa ruwa. Mata suka wanke randuna. Galan ɗin nan duk aka tattara, wasu suka jefa cikin rumbu, wasu suka tura ƙarƙashin gado, don ai ba a fito wa baƙo da ruwa a galan. Badamasi da kansa ya sayo sabuwar randa, ya sa na kai shi famfon tuƙa-tuƙa da ke can bayan makaranta, wanda nisansa ke hana mu zuwa kullum, muka yi ta jigila har magariba.

Washegari Malama Alheri ta shiga gidan da 'yan kwalabenta. Ta ce a ba ta ruwan da ake sha a gidan. Barakatu ta durƙusa ta miƙo mata a sabon kwanon sha, ruwa garai-garai, mai sanyin sabuwar randa.

"Wannan kuke sha kullum?" in ji Alheri.

Barakatu ta dubi ƙasa ta ce, "Shi ne."

Ba ƙarya ta yi niyya ba. A wajenta baƙuwa ta nemi ruwa, an ba ta mafi kyau. Haka aka yi a sauran gidajen. Da suka shiga mota Badamasi ya zo yana haki yana murmushi, ya ce da ni, "Ka gani? Ko tsinke ba su gani a ƙasa ba."

Sai jira. Watannin nan Badamasi ya kusa haukata ni. Kullum sai ya kira Malam Kamilu, in layi bai shiga ba ya hau tudu, in ya shiga ya ce gaisuwa ce kawai. Hussaina kuwa ciwon ya sake tashi da aka shiga feshin wake.

Bayan kaka aka kira taro a Faskari don a gaya wa mutane abin da aka gano. Muka je. Malam Kamilu ya yi bayani a tsanake. Ya ce a wasu ƙauyukan gefen Sabuwa da Ƙanƙara sun sami alamar maganin feshi a ruwan sha na gidaje, kuma mafi yawa daga galan ne da aka taɓa zuba magani a ciki. Ya ce roba tana shan maganin, wanki da toka ba ya fitar da shi duka. Ya lissafa abin da yake iya jawo wa ƙaramin yaro, amai da gumi da dalalar yawu. A waɗannan ƙauyukan, in ji shi, sun koma sun ɗibi jinin yara sun auna, an tura masu bukata asibiti. Sannan ya juyo yana fara'a ya ce gidajen unguwarmu sun burge su, ruwansu tas, shi ya sa ba su ga dalilin komawa can ba.

Aka yi tafi. Wani dattijo ya dafa kafaɗar Badamasi yana sa masa albarka. Na dube shi, fuskarsa ta yi fari kamar an shafa toka.

Kafin mu kutsa gaba motar masu binciken ta tashi, an ce Ƙanƙara za su, can ne zangonsu na ƙarshe. Badamasi ya damƙi hannuna.

"Muttaka, tada mashin."

Muka koma Daudawa a guje. Ya shiga gida ya jawo galan daga inda yake, don tun ranar da baƙi suka tafi an mayar da shi aikinsa. Ya ɗauko Hussaina ya ɗora a tsakaninmu. Barakatu ta biyo mu har ƙofa tana tambayar mi ya faru. Hanyar Ƙanƙara ba hanyar da ake bi da yamma ba ce, ni ma na sani, amma na kama hanya. Duk tafiyar yana dukan bayana wai in ƙara wuta, galan na bugun gwiwata, yarinyar na tari a jikina.

Mun same su a ƙofar masaukinsu suna loda kaya. Badamasi ya diro tun ban tsaya ba, ya nufi Alheri da galan a hannu.

"Malama, ga ruwanmu. Wanga shi ne na gaskiya. Wancan na baƙi ne."

Ta karɓa ta buɗe murfin, ta kai hanci, ta rufe da sauri. Ta dube shi, ta dubi Hussaina.

"Sauran gidajen fa?"

"Duka. Ni na ce a gyara."

Malam Kamilu ya matso ya saurara har ƙarshe. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi sauƙi. Ya ce kayan awon jinin an riga an mayar, aikin nasu ya ƙare, wa'adin da aka ba su ya cika. Ya ce zai faɗa wa na gaba da shi cewa sakamakon unguwarmu ba abin dogaro ba ne, amma ba zai yi alkawarin za a sake turo su ba. Alheri ta durƙusa ta duba idon yarinyar da harshenta, ta ce a kai ta babban asibiti gobe-goben nan, a gaya wa likita sana'ar ubanta da abin da take shan ruwa a ciki, kada a ɓoye komai. Ta ce daga yau ko kusa da galan ɗin kada ta ƙara zuwa, kuma in Badamasi ya dawo daga gona ya yi wanka ya canza kaya kafin ya ɗauke ta.

Badamasi yana ta gyaɗa kai, yana sauya ƙafa. Na san akwai sauran tambaya a bakinsa, na kuma yi fatan kada ya yi ta. Ya yi.

"Malama, ɗiyar nan tagwaye ne. 'Yar'uwarta ta rasu da irin wanga ciwo. Ruwan galan ɗin ne ya kashe ta? Ni ne?"

Alheri ta riƙe hannun Hussaina.

"Malam Badamasi, ban sani ba, kuma ba zan ce maka abin da ban sani ba. Wadda ta tafi babu mai iya auna ta yanzu. Ga wannan a gabanka."

Direbansu ya buga hon, suka shiga suka tafi. Muka rage mu uku a bakin titi, rana na shirin faɗuwa. Hussaina ta ja gefen rigarsa, ta nuna galan ɗin da ke hannunsa.

"Baba, ƙishirwa nake ji."