Zomayen Don Serapio Sun Yi Iyayen Goyo

In ana neman wanda ya fi kowa kashe zomo a garinmu, Don Serapio Galicia ne. In kuma ana neman wanda ya fi kowa hana cin zomo, kada ka wahalar da ƙafarka, shi ne dai. Ni Tiburcia na san shi tun yana jan majina, kuma rumfata ta tortiya, wainar masararmu, ta yi maƙwabtaka da tasa a bakin titin Amecameca har kanmu ya yi furfura.

Sana'ar gado ya yi. Kakansa a gindin dutse yake farautar zomo, ubansa ya kawo shi gida ya sa a keji, shi kuma Serapio ya ƙara da gashi. Bayan gidansa kejunan waya ne hawa kan hawa. Hannu gare shi kamar walƙiya: ya kama ƙafafun baya, dukan ƙeya ɗaya, kafin ka ce kwabo an feɗe. Matarsa Gudelia ce ke haɗa barkono, ta naɗe naman a ganye ta turara, mishiyote ke nan da ke sa mutanen birni taka burki tun daga nesa. Ran Lahadi su zo kallon dutse yana hayaƙi, su koma da maiƙo a haɓa.

Gajere ne, gashin bakinsa ya fi shi girma. Ya taɓa neman aurena, na ce masa ba na auren mai warin zomo. Gudelia, Allah ya taimake ta, hancinta ba ya aiki. Amma abu ɗaya ba a raba Serapio da shi: in ya ce e, to e ne. An taɓa ba shi aikin abincin wani biki a ƙauyen gaba, mota ta mace a hanya ana tsuga ruwa, ya ɗora tukunya a ka ya kai ta da ƙafa. Amarya ta ci da zafinsa.

To, a shekarar da nake ba ku labari, da aka tashi daga bikin Kandelariya, bikin cocinmu na farkon Fabrairu, sai aka naɗa Fidencio, ƙanin Gudelia, uban bikin baɗi. Kamar kullum, aka tsaya a ƙofar coci kowa yana faɗin abin da ya ɗauka. Wannan furanni, wancan makaɗa. Serapio ya cire hula ya ce, "Duk zomon da ke gidana ran jajibere, na biki ne." Aka tafa. Fidencio ya riƙa kumbura kamar talotalo.

Ba a jima ba, wata Lahadi, sai ga samari da 'yammata daga birni, kowa da kunnuwan zomo na ƙyalle a ka, da kwalaye masu rubutun a daina cin zomo. Suka shafa jan fenti suka kwanta a bakin titi kamar gawa. Shugabarsu wata siririya ce mai suna Yaretzi, mai karatun likitan dabbobi. Ni ta fara tarewa.

"Kaka, kin san zomo yana jin tsoro kamar yadda kike ji?"

"'Yar nan, ni ba na jin tsoro. Da mijina yana raye da ya ba ki shaida."

Masu sauran rumfunan suka yi ta yi musu ihu. Serapio kuwa benci ya fito musu da shi, da ruwan sha. Yarinyar ta ce tana son ganin kejuna, ya kai ta, ni ma na bi, don ba a yin abu a titin nan ba ni. Ta ɗaga ƙafar wata zomanya ta nuna masa gyambo inda waya ta ci. Ta ce masa zomo in ya ji daɗi yakan gurza haƙora a hankali, kamar gurnanin kyanwa.

"Ni da na tsufa cikinsu ban taɓa ji ba," in ji Serapio.

"Baba, ka taɓa riƙe ɗaya ba don ka kashe shi ba?"

Ya yi dariya har gashin baki na rawa. Ranar, saboda 'yan kallo, ciniki ya ninka. Yaran suka tafi suka manta kwali ɗaya, Gudelia ta riƙa fifita wuta da shi.

Da damina ta sauka, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya bugi Serapio. Baki ya dawo, ƙafa ta dawo da ɗingishi, hannun dama ya ce shi kam ya yi ritaya. Mutumin da bai san zama ba, sai ga shi a kujera a bayan gida, da bargo a gwiwa, ba abin kallo sai kejuna. Wata rana zomanyar nan mai gyambo ta sami ƙofa a sake, ta diro. Maimakon ta gudu, sai ta haye cinyarsa ta kwanta a kan mataccen hannun. Da wuri ne mai ɗumi take nema, ko me, oho. Shi dai ya ƙyale ta don ba shi da hannun kamawa. Can sai ya ƙwala kira.

"Gudelia! Zo ki ji!"

Ta fito a guje, a zatonta ciwon ne ya dawo.

"Tana gurza haƙora."

"Don wannan ka sa na ƙona wake?"

Ya sa mata suna Canela. Daga nan fa kiɗa ya canja. Da hannun hagu ya kwance kejunan ɗaya bayan ɗaya, ya kewaye fili ya sake su a ƙasa, maza daban mata daban, don ya san halin kayansa. Ya ce ya daina gashi. Gudelia ta yi faɗa har muryarta ta dushe, ta koma sayar da tortiya mai cuku da furen kabewa, wato ta shigo mini sana'a, kun ga wanda zomo ya cuta. Shi kuma ya ɗauki kwalin nan da ya sha hayaƙi ya zauna da shi a bakin titi, Canela a cinya. Duk wanda ya tsaya sai ya ce masa, "Taɓa ta ka ji." Masu gashin zomo suna ce masa Waliyyin Zomo. Bai kula su ba.

Wajen Kirsimeti Fidencio ya zo.

"Suruki, na ji ka zama Fadan coci. To alkawari fa?"

"Yana nan."

"Ba ni ka yi wa ba, ka sani. Budurwa Maryamu ka yi wa, a ƙofar ɗakinta, gaban gari."

"Na ce yana nan."

Fidencio ya tafi yana fito. Serapio ya zauna ya rasa abin da ke masa daɗi. In ya ba da su, tukunya. In ya hana, sunan da ya yi shekaru yana tarawa ya zube, kuma shi ban da sunan nan ba shi da komai. Yaretzi, wadda takan leƙo ta duba ƙafafun zomayen, ta ce za ta kawo mota ta kwashe su zuwa wani gidan ajiye dabbobi.

"Sai a ce Serapio ya yi wa Budurwa sata? A'a, 'yata."

"To sai ka bari a yanka su?"

"Ke dai je ki yi karatunki."

Bayan sabuwar shekara, da hantsi ina tsakiyar murza ƙullu, sai ga Serapio da farar riga a goge, da kwandon burodi da kwalba. Da na ga kwandon na san goyo aka zo roƙo. Garin nan ba ma yin komai sai da uwar goyo ko uban goyo. Jariri, amarya, giciyen sabon gida, motar haya, kek ɗin biki, ni kaina ni ce uwar goyon injin niƙan Leobarda, matar Fidencio. Kuma wanda ya zo da kwando ba a ce masa a'a, sai in kana so a yi da kai har jikokinka.

Ya cire hula. "Doña Tiburcia, alfarma na zo nema. Ranar Waliyyi Antoniyo ta matso, za a sa wa dabbobi albarka. Ina da wani maraya, ba shi da mai kai shi."

"Zomo? Serapio, ciwon ya taɓa kan ne?"

"Ƙi za ki yi?"

Na dubi kwalbar, mai kyau ce. Na ce, "Ajiye kwandon, kompadre." Haka masu yaro da iyayen goyonsa ke kiran juna, namiji kompadre, mace komadre.

A zatona ni kaɗai ce ya yi wa wannan wauta. Na sayi jan ƙyalle na ɗaura wa abina a wuya, wani ƙaton fari mai lumshe ido. Na sa masa Nabor, sunan marigayi mijina, don ci da barci da rashin magana duk nasa ne. Ranar na isa harabar coci ina ɓoye shi a mayafi don kunya. Ga jakuna da furanni, ga karnuka da riguna, ga aku. Sai na hangi wata da zomo. Na waiwaya, ga wata da biyu. Kafin Fada ya fito mun yi layi har bakin ƙofa, kowace tana harare-harare. Na dube mu da kyau, sai na fashe da dariya. Mu ne masu girkin biki kaf, tun daga mai kula da manyan tukwane har mai yanka albasa. A gaba kuwa Leobarda ce, matar Fidencio, rungume da Canela. Wannan ba Serapio ya kai mata kwando ba, Gudelia ce da kanta, mai faɗan nan. Aure ke nan, kada ka shiga tsakani.

Fada ya zo yana yayyafa ruwa, yana tambayar suna ɗaya-ɗaya. Da ya iso kaina na ce Nabor, ya ce, "Allah ya ji ƙansa," ya yayyafa.

Ran jajibere da safe muna gidan Fidencio, an hura wuta, an jiƙa barkono, an wanke ganye. Sai ga Serapio yana ɗingishi, maƙwabta na tura masa akwatuna a baro. Ya tsaya tsakiyar gida ya cire hula ya ɗaga murya yadda dattawan biki za su ji.

"Ga alkawari. Duk zomon da ke gidana, ban rage ko ɗaya ba. Daga yanzu na biki ne."

Aka buɗe. Kowane da ƙyallensa a wuya.

Fidencio ya miƙa masa wuƙa. Serapio ya ɗaga mataccen hannun da na hagu ya nuna masa. Fidencio ya juya wajen maza, kowa ya sami abin kallo a sama, don matansu na tsaye da ludayi. Sai ya naɗe hannun riga ya zura hannu a akwati, ya zaro wani fari.

"Fidencio, sauke mini Nabor."

"Doña Tiburcia, zomo ne fa."

"Ɗan goyona ne. Gaban Fada na riƙe shi. Ka taɓa jin wadda ta kai yaro coci ta dawo ta sa masa barkono?"

Ya ajiye, ya zaro wani. Wata ta yi ƙara daga bayan murhu. Ya ajiye, ya kai hannu kan Canela.

"Taɓa ta ka ga," in ji Leobarda. "Ka kwana da talotalo."

Fidencio ya jefar da wuƙa ya nufi dattawa. "Ku duba mini! Wannan ba cuta ba ce? Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, ni za a bari da kunyar gari!"

Dattawan suka haɗa kai suna ƙus-ƙus. Babbansu, wanda matarsa ke riƙe da zomo biyu, ya gyara murya ya ce, "Mutum ya ce zai kawo, ya kawo. Bai ce zai dafa ba. Kuma tsakanin uwa da ɗan goyonta, ko Fada ba ya shiga."

Serapio ya mayar da hularsa ka.

Biki dai an yi shi. Muka turara mishiyote na dankali da nopal, ganyen nan mai kauri da ƙaya, ga shinkafa ga wake, Fidencio ya ruga kasuwa ya kwaso talotalo aka yi miya. Wasu baƙi suka yi ƙorafi, suka kuma nemi ƙari. Yaretzi ta zo, ta rungume Serapio, ta leƙa tukunya ta ɓata rai.

"Baba, su kuma talotalon fa? Su ba rai ba ne?"

"Rai ne," in ji shi. "Amma hannu ɗaya gare ni, 'yata. Bari in huta."

Fidencio ya yi wata biyu ba ya gaishe shi, har Leobarda ta tuna masa cewa yanzu su kompadre ne, gaba ta haramta. Titin kuwa bai canja ba, har gobe ana gashin zomo, mutanen birni na taka burki. Sai dai a unguwarmu kusan kowane gida akwai mai dogon kunne a tsakar gida, kuma da wuya ka ga uwar goyo a rumfar gashi. Serapio yana nan a kujerarsa da kwalinsa. Duk wadda ta wuce ta ce, "Kompadre, ina kwana," shi kuma ya tambayi lafiyar yaro da sunansa, ya ce a duba masa ƙafa.

Nabor ya cinye mini furanni, ya cinye igiyar rediyo, jiya ya fara kan takalmina na zuwa coci. Na kai ƙara wurin ubansa. Serapio ya ce, "Haƙuri, komadre. Kin riƙe Nabor na farko har ya mutu da kansa, wannan ma haka za ki yi."