Baffa Tanko da Binciken Ƙashin Baya

Ku da kuka san Baffa Tanko na Durba, ku faɗa mini tsakani da Allah, wa ya taɓa ganin takalmi a ƙafarsa a kan hanya? Ɗaure su yake da igiya ya rataya a wuya, ya taka tun daga Durba har kasuwar Rano, sai ya hango rumfuna sannan ya tsaya ya kakkaɓe ƙafa ya saka. Ni ɗan ƙanensa ne, a gidansa na tashi, na kuwa sha kunyar wannan hali har na gaji. Wata rana na tsaya da babur na ce, "Baffa, hau mana in rage maka hanya."

Ya ce, "Hanyar ce ta kawo maka ƙara ta yi yawa? Wuce, hayaƙinka na shaƙe ni."

To, wannan mutum mai alfahari da ƙafa, ita ce ta fara juya masa baya. Ya soma jan ta hagu, ya ce sanyi ne. Aka sha saiwa, aka yi ƙaho, shiru. Sai da ya faɗi a gonar gyaɗa ya kasa tashi sannan ya yarda muka kai shi asibiti a Rano, su kuma suka tura mu babban asibiti a Kano. Can aka kwantar da shi aka zura shi cikin na'urar ɗaukar hoto, wata aba kamar ƙaton bututu mai ƙarar tsiya. Da aka jawo shi na ce, "Baffa, yaya?"

"Yau na ga kabari da raina," in ji shi. "Ƙuncin dai da dama-dama. Amma in har can ma da wannan injin niƙa, to ku dage da yi mana addu'a."

Likitar da ta karɓe mu, Dakta Safiya, mai aikin tiyatar ƙwaƙwalwa da ƙashin baya ce, ba ta wuce sa'ar babbar 'yarsa ba. Ta ce wani ƙari ne ya danne masa laka, in ba a cire ba ƙafafun duka za su tafi. Ta kuma ce suna wani bincike. Hanyar aikin biyu ce, ko a buɗe bayan sosai, ko a yi 'yar ƙaramar kafa a shiga da na'ura, kuma ba a tabbatar da wadda ta fi ba a irin ciwonsa. Wanda ya yarda ya shiga, kwamfuta ce za ta yi masa ƙuri'a. Wanda bai yarda ba, za a yi masa aikinsa yadda aka saba.

"Ƙuri'a?" Baffa ya riƙe baki. "'Yata, ni fa tun da nake ban taɓa zaɓen wanda ya ci ba." Sannan ya ce, "Amma sa ni. A koyi wani abu a bayan nan, ya fi a kai shi rami a banza."

Ƙaramar kafa ta faɗo masa. Aka yi aiki, cikin ikon Allah Baffa ya miƙe. Kai jama'a, Durba ta shiga uku! Duk majalisar da ya zauna sai ya ɗaga riga an ga tabo, yana cewa, "Mu masu bincike ba ma samun hutu." Matarsa, Inna Hajara, ta ce, "Kai da aka ce barci kake har aka ɗinke?"

Ya ce, "Da bayan wa aka yi aikin, nawa ko naki?"

Sharaɗin binciken shi ne a riƙa komawa ana duba shi. Ni nake raka shi, in jira a benci a waje. A ciki likita za ta ce ya rufe ido, ta riƙa tsikarar ƙafarsa da tsinin allura, in ya ji ya faɗa. Kullum sai ya fito yana washe baki, ya ce, "Na ci jarrabawa." In kuma sun bugo waya suna tambayar jiki, amsa ɗaya ce, irin wadda kowannenmu ke bai wa mai dubiya: "Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Asiri bai tonu ba sai lokacin sharar gona. Ana ƙona kara, Baffa na tsaye yana ba yara umarni, sai Inna Hajara da ta kawo fura ta ji ƙauri. Ashe a kan garwashi yake tsaye, bai sani ba. Da na ɗaga ƙafar, sai na ga tafin duk ya ƙone.

"Ƙafata ce mai kauri," in ji shi, "ba irin taku ta 'yan babur ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ran nan. Na ce, "Baffa, tun yaushe?"

Ya sunkuyar da kai. "Tun kafin kaka."

"To allurar fa? Yaya kake cin jarrabawar?"

"Ido ɗaya nake ɗan buɗewa. Da na ga hannunta ya sauka sai in ce wash."

Na rasa dariya zan yi ko kuka. Shi kuwa ya ci gaba, "Yarinyar nan ta tsaya a kan bayana tun safe har la'asar, an ce ko ruwa ba ta sha ba. Sai in dubi idonta in ce aikinki bai yi ba? Haba! Ina kara?"

Muka koma Kano. Hoto ya nuna ƙarin ya dawo, ya kuma bazu inda wuƙa ba ta isa. Da an sani da wuri, in ji Dakta Safiya, da akwai abin gwadawa. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta jawo kujera ta zauna, idonta ya yi ja, ta ce, "Baba, ba don a yabe ni nake tambayarka ba. Abin da kuka faɗa da shi za a yanke wa na bayanku hanya. In ka ce da sauƙi alhali babu, wani za a kwantar a yi masa aiki a kan maganarka."

Ban taɓa ganin Baffa ya firgita ba sai nan. Ya ce, "Inna lillahi! Kenan shaidar zur na yi ta yi?"

Daga ranar likita ta ga ta kanta. Ƙaiƙayi ne, waya. Ko sauro ya cije shi, waya. Har atishawa sai da ya sa na buga mata, ya karɓe ya ce, "'Yata, sau biyu na yi, ta biyun ta fi ƙarfi." Ita kuma baiwar Allah ba ta taɓa ƙin ɗauka ba.

Ƙafafun suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Ya koma kwance a tabarma a zaure, muna juya shi saboda gyambo, yana salla da nuni. Wallahi ganin haka ya fi mini ranar mutuwarsa ciwo. Masu dubiya sukan ce, "Malam Tanko, yaya jiki?" sai ya ce, "Alhamdu lillahi," ya tsaya nan, domin ya rantse ba zai ƙara da komai ba sai ga likitarsa.

Wata Laraba da hantsi ya yafuto ni. Sai da na kai kunne kusa da bakinsa. Ya ce, "Kira ta. Ka ce yau babu sauƙi. Ka ce idona biyu a rufe na faɗa." Na buga, ta ɗauka, na isar da saƙo kamar yadda ya bayar. Ta ce, "Ka ce masa na karɓa, na gode." Na gaya masa, ya gyaɗa kai. Bai kai azahar ba.

Allah, Ka san bawanKa Tanko bai ɓoye don cuta ba, kunya ce da tausayi. Ka yafe masa, Ka yalwata makwancinsa, Ka ba shi sauƙin da ya daɗe yana cewa ya samu. Waɗanda za a kwantar a bayansa kuma, Ka sa su tashi da ƙafafunsu. Amin.